Martani: Ƙafar Hankaka Ba Wuri Ɗaya Ta Taka Ba

Malam, na karanta maƙalarka a kan 'yan layukan nan da ke fitowa a gefen ido idan mutum ya fara manyanta. Sau biyu na karanta ta, don kada in ɗora maka abin da ba ka faɗa ba. Ga abin da na fahimta. Ka ce Turawan Ingila suna da sunan da suke kiran layukan da shi, wanda in aka juya shi zuwa Hausa zai zama "ƙafar hankaka". Ka ce tunda mu ba mu da kalmar da ta keɓanta da su, sai masu fassara da masu rubutun kiwon lafiya su ɗauki wannan suna su tsaya a kansa. Ka ce ma'anarsa ɗaya ce tak, wato alamar tsufan fata, domin a ganinka kalmar ilimi ba ta ɗaukar ma'ana biyu. Ka ƙara da cewa zaɓen hankaka da aka yi, tsuntsun da ba wanda ke yabon kyansa, shaida ce ta cewa duniya ta yi ittifaƙi layukan muni ne. Daga ƙarshe ka shawarci mata su fara neman magani tun suna 'yan shekara ashirin da wani abu, ka kuma ce masu kiran su layin dariya kansu kawai suke yaudara.

Niyyarka ta samar wa Hausa kalmomin ilimi niyya ce mai kyau, ni ma ina tare da kai a kanta. Gaskiya ce kuma rana tana lahanta fata, ba mai musun wannan. Sauran maganganun ne ban yarda da su ba, kuma ta ƙarshen tana iya cutar da 'ya'yan mutane, shi ya sa na kasa yin shiru.

Mu fara da maganar ma'ana ɗaya. A wane ƙamus ka gani? A harshen Ingilishin da ka aro sunan daga gare shi, ƙafar hankaka suna ne na abubuwa da dama, kuma masu amfani da shi ba su taɓa ruɗewa ba. Sojojinsu suna kiran wani ƙarfe da shi, mai tsini huɗu, wanda duk yadda ka jefa shi ƙasa uku za su dafa ƙasa, ɗaya ya tsaya yana kallon sama. Ana watsa shi a hanya don ya soki kofaton doki ko tafin raƙumi, a zamanin yau kuma tayar mota. Tun zamanin Rumawa ake yaƙi da shi, kuma sunan da suke kiran sa da shi a Latin shi ne masana tsirrai suka laƙaba wa tsidau, ƙayar nan da duk wanda ya yi yawo ba takalmi a ƙasar Hausa ya san zafinta. Gwamnatin Ingila kuma tana da wata alama mai layi uku da suka haɗu a tsini ɗaya kamar kan kibiya, wadda take bugawa a jikin bindigogi da akwatunan kayan soja, har da rigunan fursunoni a da, don a san kayan hukuma ne. Ita ma mutanen gari ƙafar hankaka suke ce mata. Matuƙan jiragen ruwa na dā suna da tasu, wato igiyoyi da yawa da suka rarrabu daga wuri guda suna riƙe da rumfar tamfal. Telan kwat yana da tasa, ɗan ɗinkin nan mai kusurwa uku da ake yi a ƙarshen bakin aljihu don kada ya yage.

Akwai wadda na riƙe da hannuna. Wata rana burkin motata yana zubar da mai, bakaniken da ke yi min gyara ya kwanta a ƙarƙashi ya yi ta fama da wani noti da ya maƙale a lungu, sufana ba ta shiga, soket kuma bututun man ya hana shi zama. Sai ya fito, ya goge hannu a tsumma, ya buɗe wani ƙaramin kwali da ya sha maiƙo, ya ciro kan sufana zalla, babu mariƙi, sai ɗan rami mai kusurwa huɗu a gindinsa inda ake soka doguwar sanda. Ya zura shi ta gefe, ya murɗa sau biyu, notin ya saki. Da na karɓi kwalin na duba, sunan da kamfanin ya rubuta a jiki shi ne wannan da ka ce ba shi da ma'ana sai tsufan fata.

Har ɗaliban kwamfuta sun san shi. Idan suna zana yadda bayanai ke da dangantaka da juna a rumbun ajiya, layin da ƙarshensa ya rabu gida uku yana nufin "da yawa": aji ɗaya, ɗalibai da yawa. Wani masani mai suna Gordon Everest ne ya fito da alamar a 1976, kuma ƙafar hankaka ake ce mata har gobe. Guɗe-guɗe ma, ciyawar da tumakinmu ke ci da damina, a Ingilishi ciyawar ƙafar hankaka ake kiran ta, saboda yadda kanta ke buɗewa kamar yatsu. To Malam, a cikin soja da tela da bakanike da ɗalibi da makiyayi, wa za mu ce ya yi kuskure?

Ka ce kalmar kirki ba ta ɗaukar ma'ana biyu. Da wannan doka za ta yi aiki, da Hausa ce za ta fara faɗuwa. Mutum ya ci tuwo, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci sarauta, ya ci amana, ya ci kasuwa, kuma ba Bahaushen da ya taɓa tambaya ko da cokali aka ci amanar. Idon da muke magana a kansa ma haka yake: akwai idon sawu, akwai idon gari, akwai idon zakara, 'yar ƙwayar nan ja mai ɗigon baƙi. Idan ƙungiyoyi biyu suka tashi wasa ba wanda ya yi galaba, sai mu ce sun yi kunnen doki, alhali ba doki a filin. Aska takwas tana ƙirjin babbar riga, ba ta taɓa yanka kowa ba. Haka harshe ke yi a ko'ina. Mutum ya ga siffa a jikin abin da ya sani, sai ya ɗauke ta ya sa wa abin da ba shi da suna. Wurin da aka faɗi kalma da bakin da ya faɗe ta su ke tsayar da ma'anarta.

Wannan ya kawo mu ga hujjarka ta munin hankaka, wadda ita ce mafi rauni. Je bakin rijiya da safe inda ruwa ya jiƙa ƙasa, ka duba sawun tsuntsu a taɓo: yatsu uku sun buɗe gaba daga wuri ɗaya, guda ya koma baya. Wannan siffa kaɗai aka gani aka ara. Da munin tsuntsun ne dalili, me zai sa Faransawa su kira layukan ƙafar dinya? Me zai sa mutanen Sifen su ce ƙafar zakara, Italiyawa da mutanen Fotugal su ce ƙafar kaza, Rashawa su ma su ce ƙafar dinya? Sinawa ba su ma nemi tsuntsu ba, wutsiyar kifi suka gani. Kowa abin da ke gabansa ya duba. Su ma waɗannan sunaye ba ma'ana ɗaya gare su ba. A Faransanci ƙafar dinya tana nufin mararrabar da hanyoyi suka rarrabu daga wuri guda, kamar manyan tituna ukun da suka tashi daga gaban fadar Versailles. Daga nan unguwar Patte d'Oie ta Dakar da takwararta ta Wagadugu suka samo suna. A Jamusanci ƙafar hankaka tana nufin layin ido, tana nufin ƙarfen nan mai tsini, tana kuma nufin rubutun hannu marar kyau. Kalmar da Ingilishi ke kiran salsalar mutum ko ta doki da ita, asalinta daga tsohon Faransanci ne, kuma ma'anarta ƙafar gauraka, saboda layukan da ake ja daga uba zuwa 'ya'ya a takardar nasaba. Shin salsala ma muni ce?

Ka kuma manta da rabin masu karatunka. Bahaushen Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci, in ya bi shawararka ta fassara kalma da kalma, ƙafar dinya zai rubuta. Na Kano ya rubuta ƙafar hankaka. Harshe ɗaya, fuska ɗaya, tsuntsaye biyu, kuma tsohuwar da ake magana a kan fuskarta ba za ta gane ko ɗaya ba. Hankakanmu ma ba irin nasu ba ne. Namu yana da farin ƙirji, kuma abin da Bahaushe ya san shi da shi shi ne mai da ɗan wani nasa. Ka ce wa dattijuwa tana da ƙafar hankaka a fuska, sai ta ɗauka baƙar magana ka gaya mata.

Zan ba ka gaskiyarka a wuri ɗaya. Ma'anar tsufa tsohuwa ce a Ingilishi, ta haura shekara 600. Tana cikin dogon waƙen da Geoffrey Chaucer ya rubuta wajen 1385 a kan Troilus da Criseyde. Amma ka duba bakin da maganar ta fito. Criseyde mace ce da mijinta ya rasu. Kawunta Pandarus ne ke son ya haɗa ta da abokinsa Troilus ta bayan fage, da ta nuna turjiya sai ya tsorata ta da cewa kyau ba ya daɗewa, ta yi sauri kafin layukan su fito mata a ido. Daga sunan wannan mutum Ingilishi ya samo kalmarsa ta kawali. Ke nan tun farkon shigar kalmar cikin littafi, mai neman biyan buƙatarsa ne ya yi amfani da ita don ya firgita mace. Ban ce haka kake nufi ba, Malam, na san ba haka ba ne. Amma wannan ita ce ma'anar da ka zaɓa daga cikin duka ka ce mu shigo da ita gida ita kaɗai.

Ka ce da wannan suna likitoci ke kiran layukan. A takardunsu na aiki sunan da suke rubutawa ba tsuntsu a ciki, "layukan kusurwar ido ta waje" kawai yake nufi. Kuma ko a wurin likita layukan ba labari ɗaya suke bayarwa ba. Akwai tsoka da ta kewaye ido kamar zobe. Duk lokacin da mutum ya yi dariya, ko ya runtse ido saboda rana ko ƙura, sai ta tsuke, fatar da ke kanta ta naɗe. Fatar wurin siririya ce, kuma ba ta da maiƙo sosai. Da ƙuruciya tana komawa yadda take nan take. In shekaru suka ja, sinadaran da ke ba fata ƙarfi da talewa suka ragu, sai naɗin ya zauna. Rana tana gaggauta abin. Taba ma haka: wani likita a Kalifoniya mai suna Harry Daniell ya duba fuskokin mutum sama da 1,000, ya wallafa a 1971 cewa masu shan taba sun fi saurin samun layukan, nasu kuma sun fi zurfi. Wanda idonsa ba ya gani sosai, kullum yana ƙanƙance ido don ya karanta allo, shi ma zai same su da wuri, kuma abin da yake buƙata tabarau ne. Layi iri ɗaya a fuskar manomi, da ta mashayin taba, da ta mai raunin gani, da ta mai yawan fara'a, amma dalili huɗu daban. Ta yaya za a ce ma'anarsu ɗaya?

A kan masu cewa layin dariya kuwa, ina ganin ka yi musu rashin adalci. Wani likitan jijiyoyi Bafaranshe, Guillaume Duchenne, ya fitar da littafi a 1862 bayan ya daɗe yana taɓa tsokokin fuskar mutane da 'yar wutar lantarki yana ɗaukar hoto. Ya ga cewa ana iya ɗaga gefen baki a yi siffar murmushi, amma fuskar ba ta nuna farin ciki sai tsokar da ta kewaye ido ta shiga, ita kuwa ba ta cika bin umarnin mai ita ba. Charles Darwin ya yi amfani da hotunansa a littafinsa na 1872 a kan yadda mutum da dabba ke nuna abin da ke ransu. Masu bincike na baya sun nuna cewa wasu mutane suna iya tsuke tsokar da gangan, don haka ba ma'auni ba ne da ba ya kuskure. Duk da haka asalin maganar yana nan. Bahaushe bai jira wutar lantarki ba kafin ya san wannan. Ya raba murmushi da yaƙe tun tuni. Yaƙe a haƙora yake tsayawa, ba ya kaiwa ido.

Kakata ta wajen uwa ta rasu tana da shekara fiye da tamanin. Ba ta taɓa barin kwalli ba. Da hantsi takan zauna a kan tabarma bakin ƙofar ɗakinta, ta ɗauko tandu, ta zizara, ba ta ko duba madubi. In muka shigo daga makaranta, ɗayanmu ya faɗi wani shirme, sai ta tuntsire da dariya har hawaye ya fito, kwallin ya bi ta cikin layukan nan ya zana su baƙi, uku a kowane gefe, ta sa bakin zane ta goge tana cewa, "Ja'iran yara, za ku kashe ni." Ta yi noma, ta yi surfe a rana, ta binne 'ya'ya biyu, ta aurar da shida. Duk wannan yana gefen idonta. In yau aka ce in zana fuskarta, da layukan zan fara, domin in babu su ba ita ba ce. Ban taɓa jin wani a gidanmu ya kira su ciwo ba, ita ma ba ta taɓa neman maganinsu ba.

Shi ya sa shawararka ga 'yan mata ta tsaya min a rai. Ka san tarihin allurar da ake yi wa layukan? Botox guba ce da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, ana tace ta a yi amfani da ɗan kaɗan don a kashe motsin tsoka na wani lokaci. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara amincewa da ita a 1989 don masu harara-garke da masu fatar idon da ke ƙiftawa ba tsayawa, wato masu ciwo na gaskiya. A 2002 aka amince da ita don layin da ke tsakanin gira, sai a 2013 aka ƙara layukan gefen ido. Aikinta wata uku zuwa huɗu ne, sai a koma a sake biya. Wanda ya ga dama ya yi da kuɗinsa a hannun ƙwararren likita, wannan tsakaninsa da kansa ne. Amma yarinyar da ta karanta maƙalarka a Gusau ko Azare ba wurin ƙwararre za ta je ba. Kasuwa za ta shiga, mai shago ya miƙo mata haɗin da ba takarda a jikinsa. Da yawa daga cikin mayukan bilicin ɗin nan suna ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata in aka daɗe ana shafawa, su kuma rage launin da Allah ya sa mata ya zama garkuwa daga rana. Baƙar fata, saboda wannan launi, ta fi farar fata jinkirin tattarewa. Ke nan yarinyar da da wuya ta ga layi a idonta kafin ta manyanta, tsoron da aka sa mata zai kai ta ga abin da zai jawo mata lalacewar fata tun da ƙuruciya. Wa ya ci riba a nan in ba mai shago ba?

Batun cewa Hausa ba ta da kalma ma bai tsaya ba. Muna da tamoji, muna cewa fata ta tattare ko ta yamushe. Tamojin gefen ido magana ce da kowa zai gane, daga likita har mai tallan goro, kuma ba ta yanke wa kowa hukunci. Rashin keɓe wa wannan ɗan wuri suna na musamman ba talaucin harshe ba ne. Mutane suna raɗa wa abu suna ne in ya dame su, kakanninmu kuwa wannan bai dame su ba. Inda suka damu, ka ga yadda suka rarrabe: murmushi, dariya, ƙyaƙyatawa, yaƙe, fara'a, sakin fuska. Mai fassara in ya ci karo da kalmar Ingilishin, aikinsa ya duba inda take. A littafin yaƙi ya ce ƙarfe mai tsini huɗu. A littafin kanikanci ya ce kan sufana marar mariƙi. A littafin lafiya ya ce tamojin gefen ido. In ya sa ƙafar hankaka a duka ukun, bai fassara komai ba, ya dai kwashe ruɗani daga wani harshe ya zuba a namu.

Roƙona gare ka, Malam, tunda kana da shafi kuma ana sauraronka, ka koma kan batun. Ka gaya wa masu karatu su sa malafa ko su riƙe lema in za su daɗe a rana, su bar taba, su je a auna musu ido in suna ƙanƙance shi wajen karatu, su nisanci duk man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba. Ka janye maganar cewa 'yar shekara ashirin ta fara neman maganin abin da ba ciwo ba. Ke kuma 'yar'uwa da kika karanta waccan maƙala kika tashi kika duba madubi, in kin ga layi a gefen idonki, kada ki kai kuɗinki shagon mai haɗi. Wassalam.